Bokitin Baban Bareyi

Baban Bareyi ake ce masa, don tun gemunsa na baƙi yake aiki a gidan namun daji, sashen bareyi. Shi ke shara, shi ke zuba dusa. Da ya buga gindin bokitinsa da sanda, sai ka ga bareyi sun sheƙo suna cusa baki a aljihunsa. Manaja ne ya sa shi koya musu haka, don yaran makaranta su ciyar da su a tafin hannu a ɗauki hoto.

Ana nan sai ga wata ƙungiya, wai dajin bayan gari da can cike yake da bareyi, mafarauta suka ƙarar da su, yanzu za a mayar. Magana mai daɗin ji! Aka loda bareyin Baba a mota, aka yi jawabi, aka tafa, aka sake su. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to waɗannan ko kakarsu ba ta taɓa gudu ba. Da motar ta juya, bin ta suka yi.

Manaja ya ja masa kunne. "Baba, kar ka kuskura ka je wurinsu. So muke su manta da mutum."

"Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in saba musu da shi."

"Wancan tsohon tsari ne."

Ya daure har rani ya shigo, abinci ya daina shiga masa. 'Yarsa ta ce, "Baba, mu da ka haifa ma ba ka taɓa ramewa haka a kanmu ba." Ranar hutunsa ya ɗaure buhun dusa a keke, ya je bakin dajin ya buga bokiti. Suka fito, haƙarƙari duk a waje, wata gurguwa da ya yi rainonta da madarar bulumboti tana can baya. Daga nan zuwa ya zame masa jiki, bai ko kula da masu tsayawa kallo daga nesa ba.

Wata safiya ya buga, ya sake bugawa, shiru. Cikin ciyawa ya tarar da jini, da sawun babur, da wani bokiti da ba nasa ba, ko ƙwayar dusa babu a ciki.

Aka sallame shi, wai shi ya lalata shirin. Manaja na nan daram a kujerarsa, 'yan ƙungiya kuwa har sun fara neman wasu bareyin. Abin da ban haushi! Ku kuka saba wa dabba da hannun mutum, ku kuka watsar da ita inda hannun ke riƙe da wuƙa, sannan ku bar jaki kuna dukan taiki.

Gurguwar kaɗai ta tsira, don ba ta iso kiran bokitin mafarautan da wuri ba. Har yau yana zuwa dajin, ba bokiti. Da ta hango shi ta ɗingiso da murna, sai ya ɗebi duwatsu ya yi ta jifanta, hawaye na zuba, har sai ta gudu.