A Gidanmu Ba A Ƙarar Alƙali

Yayana bai taɓa musun laifinsa ba, ni ma ba zan wanke shi yau ba. Maƙwabcin gonarmu, can gaba da Yako, ya saki garmar shanu ta cinye gambar da ke kan iyaka, ta shigo mana har kunya biyu. Aka yi cacar baki, Yaya ya sauke masa ƙotar fartanya a hannu, hannu ya karye. Ranar da aka gurfanar da shi a wata ƙaramar kotun majistare, Baba ya ce masa, "Faɗi gaskiya, kada ka ƙara mana abin kunya." Ya faɗa. Kafin azahar alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara uku, babu zaɓin tara.

Mu a wajenmu, idan ɗanka ya yi ɓarna, hanya ɗaya aka sani: a tara dattawa, a sayi goro, a je ban haƙuri. Baba ya yi imani cewa ranar da mai hannu ya ce ya yafe, ranar za a buɗe ƙofar gidan yari. Ni ne ɗan bokon gidan, malamin firamare, mai biro a aljihun gaba. Sau ɗaya tak na ce, "Baba, na ji ana ɗaukaka ƙara."

Ya dube ni kamar na zagi liman. "Ƙarar alƙali za ka kai? Ɗan'uwanka ya karya hannun mutum, kai kuma ka je ka ce hukuma ta yi ƙarya? A gidan nan ba a yin haka."

Ban sake tayar da maganar ba. In faɗi gaskiya, har daɗi na ji da ya hana, don tsoron Kano da lauyoyinta nake yi.

Maƙwabcin nan ya ja mana aji son ransa. Zuwan farko ya ce hannu na zogi, a dawo. Na biyu aka ce ya tafi Riruwai ganin dangi. Sai bayan an kai masara rumbu ya ce ya yafe duniya da lahira. Baba ya sa babbar riga, ya ɗauke shi a babur har kotu. Magatakarda ya saurare su yana sakace, ya ce bakin alƙalami ya bushe. Muka dawo gida, Inna ta sauke tukunyar da ta ɗora don tarbar ɗanta.

A shekara ta biyu, a ƙaramar bas daga Kwanar Ɗangora, na zauna kusa da wani dattijo da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya. Ya ga ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli a cinyata, ya gane gidan yari za ni. Na ba shi labari.

"Malam, majistaren nan mai wace daraja ne?" in ji shi.

Na ce alƙali ai alƙali ne.

"Ina! Kotu hawa-hawa ce. Su kansu majistarorin daraja-daraja ne, kowa da iyakar ɗaurin da doka ta ba shi. Samansu akwai babbar kotun jiha, samanta kotun ɗaukaka ƙara, can ƙarshe kotun ƙoli. Na ƙasa in ya ga laifi ya fi ƙarfin kujerarsa, turawa yake yi sama. Je ka bincika. Kuma ɗaukaka ƙara ba zagin kowa ba ne, don haka aka yi benen."

Na sauka daga motar nan ina jin kunyar biron da ke aljihuna. Shekara nawa ina koya wa yara matakan gwamnati a allo, ban san matakalar da za ta fito da ɗan'uwana ba.

Lauyan da na samu ya ce kwana talatin ake bayarwa don ɗaukaka ƙara, mu kuwa mun ƙarar da su a zauren maƙwabci muna raba goro. Sai da aka roƙi babbar kotu ta yarda a shigar da ƙarar a makare. Daga nan aka shiga ɗage zama: yau fayil bai iso ba, gobe ana hutu. Ban gaya wa Baba ba sai da aka sa rana, shi kuma bai je ba.

Ranar hukunci ba a yi minti ashirin ba. Mai shari'a ta duba takardu ta ce laifi ya tabbata, amma kujerar da ta yanke hukuncin ba ta da hurumin ɗaurin da ya wuce shekara ɗaya. A sake shi. Yaya ya riga ya yi shekara biyu da wata biyu. Babu wanda ya ce masa sannu. Ya fito da tari, da haƙora biyu a zube, ya tarar da 'yar da aka haifa masa bayan tafiyarsa tana ɓuya a bayan uwarta.

Har yau abin yana ci na, kuma ban san wa na fi jin haushi ba, alƙalin da ya ɗauki abin da ba nasa ba, ko ni da na ji tsawa ɗaya na naɗe tabarmata.

Washegari da hantsi Baba ya sa babbar rigar nan, ya ce Yaya ya tashi a je a yi wa maƙwabci godiya, tunda albarkacin yafewarsa Allah ya kawo mafita. Yaya ya dube ni, na sunkuyar da kai. Muka bi ta gefen gona, inda kunya biyun nan suke cike da masarar mutumin, ta yi kore shar. Yaya ya durƙusa a zaurensa ya ce ya gode. Ni na riƙe goron.