Da Na Hana Angulu Abinci

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Rumfata tana bakin titi, kafin ka kai shingen boda in ka fito daga Jibiya. Tsire nake yi da balangu. Masu cinikina direbobi ne da fatake masu jiran a buɗe musu hanya.

Ba na ƙunsa nama a leda. Na sha fasa tumbin rago in tarar da leda a dunƙule kamar gammo, dabba tana ci tana ramewa. Takarda nake sa wa. Wutata ta kara ce da icen da ya bushe ya faɗi da kansa. Toka da kashin tumbi su tafi gona. Abin da ya rage, jini da tarkacen hanji, akwai wani falalen dutse ƙarƙashin kuka a bayan rumfa, nan nake zubawa. Rabon angulu ne. Haka na tarar ubana yana yi.

A da, kafin ka gama wanke wuƙa sun share wurin. Ba wari, ba ƙuda. Sai suka fara ƙarewa. Masu kai wa bokaye kawunan angulu sukan zuba guba a mushen jaki, su dawo su kwashe su a buhu. Aka wayi gari biyu kaɗai suka rage a kukata. Duk yankin ban san wasu ba.

Wani mai babbar riga ya taɓa zuwa. Ya sayi tsire, ya tsaya yana kallon sama.

"Sarkin fawa, waɗancan fa? Na sayarwa ne?"

"Nama nake saidawa."

"Ai su ma nama ne."

"To ci in gani."

Mai shayin da ke gefena ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Alhaji, rabu da shi, danginsa ne. Ba ka ga sanƙon iri ɗaya ba?"

Tun daga ranar na ƙara musu abinci don kada su yi nisa. Suka saba. Daga kuka sai dutse, daga dutse sai kuka.

Ƙanena shi ke sawo mini dabbobi a ƙauyuka. Wata rana bayan girbi ya hau babur ya nufi wajen Gangara, bai dawo ba. An tsinci takalminsa ɗaya a bakin hanya, da jini a ƙasa. Babur babu. Muka zauna jiran waya, don ɓarayin daji in sun ɗauki mutum da rai suna kira. Ba su kira ba.

Mun shiga daji iya inda ƙafa ke zuwa ta dawo. Sabara ce da kargo da kwazazzabai. Mutum zai iya kwanciya kusa da kai ka wuce ba ka gan shi ba.

Liman ya ce ba a shiga takaba a kan zato. Matar ƙanena ta zauna haka nan, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Duk sanda na shiga gida sai in ji muryarta daga bayan asabari.

"Yaya, ko ƙashi ne ku kawo."

Mai shayi ne ya yi maganar, yana ɗauraye kofi, bai ko kalle ni ba.

"Can da, in saniya ta ɓace, sama ake dubawa. Angulu ba ta jewar banza. Naka kuwa ka mai da su kaji."

Washegari na yi yanka, na haƙa rami na binne rabonsu. Suka sauko kan dutse, suka tarar da shi a bushe. Suka zagaya. Suka biyo ni har bakin rumfa suna tsalle, suna karkata kai suna kallona. Na kore su da tsumma. Ban taɓa korar su ba sai ranar.

Na san abin da nake yi. In yunwa ta tashe su, za su iya faɗa wa mushe mai guba, shi ke nan an gama da angulu a nan. Na ci gaba da binnewa. Ƙuda ya cika bayan rumfa, karnuka suna tone ramin.

Wata safiya da rana ta yi zafi suka tashi. Suka yi sama har suka koma kamar ƙudaje, suka karkata kudu. Na ɗauko likkafanin da na ajiye na ɗaura a ƙugu. Mai shayi ya goya ni a babur ɗinsa, wani ɗan sa-kai ya biyo mu da bindiga. Su ɓace mana, mu sake hango su. Can muka ga suna jewa a kan wani kwazazzabo, sai suka sauka. Muka jingine babur muka taka da ƙafa.

Shi ne. Hannuwansa a ɗaure ta baya. Na gane rigarsa, na gane yatsan da wuƙa ta gutsure masa tun muna yara. Angulayen sun riga mu. Kowane mahauci ya san inda angulu ke farawa: ido.

Ɗan sa-kai ya ɗaga bindiga. Na kama bakinta na danne ƙasa.

"Bar su. Ni na aiko su."

Ƙanena ba ya ɗaukuwa. Muka zuba masa ruwan jarka, muka naɗe shi. Muka yi masa salla, kunnuwanmu suna daji. Muka haƙa a gefen kwazazzabon, muka rufe shi, muka jibga ƙaya a kai saboda dila. Muka juyo muka fito titi.

Angulayen sun riga mu dawowa, suna bisa reshen kukar. Na tone abin da na binne da asuba na zuba a kan dutse. Ban tsaya kallon su suna ci ba. Na wanke hannu na shiga gida.

"Yaya, kun same shi?"

"Mun same shi. Mun yi masa sutura."

Ta matso bakin asabari.

"Fuskarsa fa?"

"Tana kallon gabas."

Na ji ƙarar awarwaronta, tana cirewa tana ajiyewa a cikin tasa.