Guntun Da Aka Yanke Daga Gindin Bindigarsa

Ina cikin takaba 'yan sanda suka aiko da sanarwa cewa bindigar maigidana ba za ta ci gaba da zama a gidanmu na Barking, nan ƙasar Turawa, ba, sai dai a sayar ko ni in nemi lasisi. Likita ne, abokan aikinsa Turawa suka koya masa harbin faifan yumɓu, wanda inji ke wurgawa sama a harbe shi. Duk Asabar yakan fita, ni kuma in yi ta yi masa tsiya, wai mutum da furfurarsa yana yaƙi da faranti.

Ɗanmu ya bugo waya daga Manchester, da Turancinsa, ya ce in rabu da ita. Matan unguwa ma haka suka ce. Ni kuwa akwai taurin kai. Tufafinsa duk na rabar, motar ma ta tafi, na ce wannan kam ba inda za ta. Aka ajiye ta wajen dillali har lasisina ya fito.

Da na fara zuwa filin harbin, ni kaɗai ce mai hijabi, kuma ba na samun faifan sai jefi-jefi. Amma bindigar ba ta taɓa kuskure ni ba. Duk harbi sai gindinta ya toke ni a kafaɗa kamar shurin jaki. In dawo gida kafaɗa ta yi baƙi ƙirin, ɗaga hannu don kabbara ma sai na cije. Ba wanda zai shafa mini man zafi, sai in tsaya gaban madubi in yi da hannun hagu.

Mai koyarwa ya tura ni wani shago a Essex, wajen wani dattijo maƙerin bindiga, in zaɓi roba mai laushi da ake ɗaurawa a gindin don ta shanye tokarin. Ya jera mini su a kan tebur. Wata tauri kamar tafin takalmi, wata in ka danna ta sai ta lotsa ta dawo a hankali, wata kuma samanta santsi ne don kada ta kama riga in an ɗaga bindiga. Na yi ta latsa su kamar mai zaɓen tumatur, na ɗauki mai lotsawar. Na ɗauka an gama.

Sai ya kira 'yarsa ta gwada ni, don ya lura ba zan so ya taɓa ni ba. Ta aza gindin a gwiwar hannuna, yatsana bai ko kai kunamar ba. Dattijon ya yi mini bayani a hankali. An auna bindigar ne da hannun dogon mutum, shi ya sa take dukana. In aka ƙara roba mai kauri tsawon zai ƙaru, dukan ma ya ƙaru. Dole a sa zarto a rage katakon.

Na ce ba za a taɓa katakon ba. Na faɗa da zafi, har 'yar ta sunkuyar da kai. Bai ja da ni ba. Ya juya bindigar ya nuna mini tsohuwar robar da ke gindinta, inda gefe guda ya siɗe ya yi ƙyalli.

“Mai ita bahago ne, ko?” ya ce.

Bahago ne. Tun rasuwarsa mutane ke ce mini mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, amma ba wanda ya faɗi abin da ya dawo mini da shi tsaye a gabana sai wannan Baturen da bai taɓa ganinsa ba. Na zauna a kujerar shagon na yi kuka sosai, suka ƙyale ni.

Zaɓin a fili yake. In na bar ta yadda take, tasa ce, amma za ta koma akwatin ƙarfe a bayan tufafi, ni kuma in koma Asabar irin ta da, daga falo zuwa kicin. In aka yanke, zan iya harbi, amma ba za ta sake dacewa da shi ba. Na san ba dawowa zai yi ba, duk da haka abin ya yi mini nauyi.

Na ce ya yanke. Na fita waje don kada in ji ƙarar zarton.

Ranar da na je ɗauka, ya miƙo mini guntun katakon da tsohuwar robar a jikinsa, a cikin ambulan. Yanzu bindigar tana zama a kafaɗata daidai, ba ciwo, har nakan fasa faifai biyu a jere. Nakan waiga in ga ko wani ya gani. Guntun yana cikin jakata, tare da carbi da katin jirgi. In na zauna a jirgin ƙasa na layin District nakan sa hannu ciki in laluba wurin da ya siɗe, kuma babban yatsana bai cika shi ba.