Ranar da Kawu Ya Cire Safar Hannu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya samo mini aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da Lyon. Aikinmu wanke manyan tankuna. Duk wanda ke shiga cikinsu baƙar fata ne ko Balarabe. Nasaru na sama, bayan gilashi, suna danna maɓallai. Ba a rubuta hakan ko'ina ba, amma kowa ya sani.

Shekarar Kawu goma sha tara a wurin. Da ƙarar bututu kaɗai yakan gane inda matsala take. Duk sabon Nasaran da aka ɗauka, shi ake ba ya koya masa, kafin shekara biyu kuma mutumin ya zama shugabansa.

Wata safiya shef, wato shugaban sashenmu, ya zo da wani sabo, ya ce da Kawu ya nuna masa aiki. Kawu ya cire safar hannunsa ya ajiye. Fatar yatsunsa duk ta saɓule ta yi fari.

"Bakwai na koya wa," ya ce da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa. "Duk sun hau. Me ya hana ni?"

Shef ya ce ai sai da takardar horo. Kawu ya buɗe akwatin kayansa ya ciro ta, an ba shi ita shekara shida da suka wuce. Shef bai ko karɓa ba. Sai Kawu ya zauna a kan wani durom.

Ɗaya bayan ɗaya sauran ma'aikatan suka ajiye aiki suka zauna. Ni na tsaya. Katin izinin zamana a ƙasar ya kusa ƙarewa, ga matata da ciki.

"Ɗana, je ka yi aikinka," in ji Kawu da Hausa. "Ba wanda zai ga laifinka."

Maganar ta fi mari zafi. Na zauna, ni ne na ƙarshe.

Ƙungiyar ma'aikata ta shigo, aka yi zama har uku. Aka mai da Kawu ɗakin ajiya, aka ce ƙarin girma ne, alhali ba wanda ke ƙarƙashinsa sai kwalaye. Mutum biyu masu aikin wucin gadi ba a sake kiransu ba. Ni aka bar ni, har yau ban san dalili ba.

Bayan shekaru na haɗu da ɗayansu, wani mutumin Chadi, yana sayar da wayoyi a unguwar Barbès, jirgin ƙasa na wucewa ta kan gada bisa kanmu. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda zan fara.

"Malam, yaya tarin Kawu?" ya tambaye ni.

Na ce da sauƙi. Ba gaskiya ba ne, lokacin Kawu na kwance a asibiti a Lyon.