Koyil na Ƙarshe a Langa

A Agege kalmar koyil ta fi ɗan dakon kasuwar Mile 12 shan aiki. Fanka ta tsaya, a ce koyil ya ƙone. Okada ta ƙi tashi, koyil ne. Na yi shekara da shekaru a aji ina nanata wa yara cewa muna da naɗi, muna da gammo. Sukan gyaɗa kai cikin ladabi, su fita su ci gaba da koyil ɗinsu. A ɗakinmu kuwa abu ɗaya yake nufi, wato koren maganin sauron nan da ake kunnawa da magariba.

Tagwaye ake sayar da shi, biyu a sarƙe da juna, kuma raba su aikin maiɗakina ne. Takan zauna a bakin tabarma, ta sa babban yatsa a tsakiya, ta yi ta lallaɓa su kamar mai tsefe kan jaririya. Ni ko na taɓa, sai ya ɓalle gida uku.

"Malam, ajiye," takan ce. "Hannun alli gare ka. Ba ka iya riƙe abu bai karye ba."

In ta sayo kwali, zama ɗaya take raba su duka, ta jera a wata tsohuwar langa, ta rufe.

Da Allah ya yi mata rasuwa, 'yan gaisuwa suka watse, na tarar da langar cike. Na yi ta ɗauka kullum ba tare da tunanin komai ba, har ranar da na buɗe na ga saura guda. Na mayar da murfi. Shi kaɗai ya rage a gidan wanda hannunta ya gama, ni ban ɓata ba.

Na sayo sabo wurin Hajiya mai kanti a bakin layinmu. Ta ga yadda nake jujjuya kwalin.

"Oya, Malam, kawo in raba maka, kada ka yi mini ɓarna a ƙofar shago."

"Na gode, Hajiya, zan iya."

"Za ka iya! Allah ya ji ƙan mai iyawa."

Na ce amin, na tafi da kwalina. Makonni na yi ina kunna gutsattsari, kowanne ya mutu kafin in idar da isha'i. 'Yata ta bugo waya daga Kaduna: "Baba, ka sayi na feshi mana." Na ce yana sa ni tari, wanda ba ƙarya ba ne ɗungurungum.

Sai damina ta kankama, kwatoci suka cika, bango ya fara gumi. Wata la'asar na buɗe langar don in duba shi kawai, na ga gefensa ya yi laushi, fumfuna ta soma ci. Raɓar Legas ba ta riƙon amana. Ko in kunna shi, ko in bar wa raɓar.

Na shanya shi a taga ya sha iska. Da magariba na soke shi a ɗan ƙarfensa, na ɗora kan faranti, na ƙyasta ashana. Na zauna inda na saba zama, hayaƙin yana bi ta kan tabarmarta.

Da gari ya waye tokar na kwance a faranti, zagaye cikin zagaye, ko tsagewa babu. Ranar an yi zafi, kuma an kawo wuta. Koyil ɗin fankata lafiyarsa lau, amma ban kunna ta ba.