Ladan Ranar da Jirgi Bai Tashi Ba

Shekarar da fara ta sauka a gonakinmu hatsi yana cikin yin ido, ina da bijimai biyu da amalanke, kuma da su nake ci da gidana. Garinmu yana tsakanin Cadawa da Gazawa, ka bar kwalta kaɗan. Da damina in yi huɗa, da kaka in yi jigilar dammuna daga gona zuwa rumbu, da rani in ɗauko ruwa da ƙasar gini. Jigilar kaka ita ce babba. Abin da na samu a cikinta shi ke kai mu wata daminar, mu da shanun.

Ma'aikatar noma ta kawo ƙaramin jirgin feshi. Aka share wani fako a arewacin gari, aka tsige sabarar da ke ciki, nan yake sauka. Matuƙin ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗauko shi aka yi na ɗan lokaci bisa yarjejeniya. Babbar mota ba ta iya shiga rairayin hanyar, don haka aka nemi mai amalanke da zai riƙa kai gangunan magani da na ruwa daga lakol, makarantar bokon garinmu, inda aka jibge su, zuwa fakon. Mai gari ya ba da ni, saboda an san ba na makara.

Aka kuma ɗauki direban da zai riƙa kawo matuƙin daga masaukinsa a Agye kowace safiya. Direban nan taubashina ne, ɗan kawuna, ƙanen mahaifiyata. Tare aka sa mu lakol. Na riga shi iya karatu, kuma shi aka fara kora. Ya tafi Maraɗi ya yi karen mota, ya dawo da takardar tuƙi da baki mai yawa. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawansa.

Ga yadda safiyata take. Da farko salla. Daga nan in shayar da shanun, in ba su dusa. Sai in duba iskar taya, in ɗaura karkiya, in wuce lakol a ɗora mani ganguna, in ɗaure su da kaina don ban yarda da ɗaurin kowa ba. Kafin rana ta fito ina fakon. Feshi da sanyin safiya ake yinsa, kuma sai iska ta kwanta. Shugaban aikin, wanda muke ce wa shef, yakan duƙa ya ɗebi rairayi, ya ɗaga hannu ya sake shi. In ya zubo tsaye, jirgi ya tashi. In iska ta kwashe shi gefe, sai ya kaɗe hannu ya ce, “Yau babu.”

Ni sharaɗina shi ne a biya ni ranar da jirgi ya tashi. Ranar da aka fasa in juya shanu, in mayar da gangunan lakol, in sauke, in tafi gida hannu wofi. Ban ga laifin wannan ba, don na ɗauka haka yake ga kowa.

Wata safiya da aka sake fasawa, na biyo ta gefen motar taubashina. Yana kwance a kujera, ƙafafu waje ta taga, yana murza tumu yana watsawa baki.

Ya ce, “Bawana, an juya ke nan? Sannu da aikin lada.”

Na ce, “Kai fa? Ba tare muka yi asarar ba?”

Ya yi dariya har ya ƙware. “Wa? Ni? Tun da na tada mota na iso wurin nan, rabin yinina ya shiga aljihu. Wancan kuwa,” ya nuna matuƙin da leɓe, “nashi cikakke ne. In dai an ce mashi ya zo, ya zo, to ko iska ta hana, ko shef ya fasa, sai an biya shi.”

“A biya mutum aikin da bai yi ba?”

“Ranar suka saya, bawana, ba aikin ba. Da ba su tsare shi nan ba, da yana can wata ƙasa yana feshin auduga. In sun fasa tun jiya da rana, sun rage mashi. In sun fasa yana bakin jirgi, ko tamma ba ta raguwa. Mi ka sani, kai da shanu?”

Na juya na dubi matuƙin. Ya shimfiɗa gadonsa mai naɗewa a inuwar fiffike, ya cire takalma, butar shayi na tafasa a gefensa. Da ma mugun mutum ne da na samu sauƙi. Amma mutum ne mai fara'a, kullum sai ya ɗaga mani hannu, har yakan shafa goshin jan bijimina ya yi masa magana da Faransanci. Tun daga ranar, in na ga yana hura shayi sai in kawar da kai. Inuwar nan da yake kwance a ciki ma biyansa ake yi.

A hanyar gida na jera abin a kaina. Na farko, ni ma an tsare ranata: ranar kasuwar Cadawa na ƙi kayan mutane saboda gangunan nan. Na biyu, jirgi in yana tsaye ba ya shan mai, shanuna kuwa ko sun ja ko ba su ja ba sai sun ci. Na uku, na riga direban da matuƙin duka biyun tashi daga barci. Na juya shi ta ko'ina ban ga inda ya karkace ba.

Washegari na sami shef na jera masa su kamar yadda na jera wa kaina. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce, “Malam, maganarka tana da kai. Amma masu amalanke nawa ne a garinku?”

Na ce suna da dama.

“Masu tuƙa jirgi fa?”

Taubashina yana bayansa yana kama ciki don dariya.

Aka gama feshi, fara ta ragu, an tsira da abin da aka tsira da shi. Jirgi ya tafi. Maganar ba ta tafi ba, ta zauna mani. Ina kwance ina ganin ƙafafun nan biyu a tagar mota.

Da girbi ya kama, na yanke shawara cewa abin da shef ya hana ni zan kafa shi da kaina. Bayan sallar la'asar, a gindin itacen bedin da ke ƙofar masallaci, na ce jama'a su tsaya ina da sanarwa. Wanda ya kama amalankena ya fasa tun da yamma, ba komai tsakaninmu. Wanda ya bari na ɗaura karkiya na fito sannan ya fasa, zai ba ni dami guda. In rasuwa ce ta sa aka fasa, wannan na Allah ne, ba na karɓa.

Sai wani mahauci ya ce, “To, mai jirgi, in iska ta taso fa? Shanun na tashi?” Wurin ya ɗauki dariya. Daga ranar sunana ya koma mai jirgi, har yara.

Uwargida ta ce da ni a gida, “Malam, mutanen garin nan ba gwamnati ba ne. Wanda ya fasa yau shi ne zai ɗauki gawarka gobe.”

Na ce, “Tsari ne. In babu tsari kowa sai ya yi wasa da ranar wani.”

Mutane suka ci gaba da kama ni, don shanuna sun fi na kowa ƙarfi, kuma sun ɗauka zance ne na baki. Kwanaki suka wuce ba wanda ya fasa. Wanda ya fara fasawa kawu ne.

Ya aiko in zo gonarsa ta yamma, mai nisa. Saboda shi na mayar da wani mutum da ya zo da magariba yana roƙo. Da safe na bi tsarina, na ɗaura karkiya, na kama hanya. Na iske hatsin a zube tsibi-tsibi, ko dami ɗaya ba a ɗaure ba. Masu ɗaurin sun tafi kasuwar Gazawa ba su gaya masa ba. Kawu ya taho yana dogara sanda.

Ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗana. Yaran nan sun kunyata ni. Sai jibi, in Allah ya kai mu.”

Na buɗe baki zan ce ba komai. Sai na hangi taubashina zaune a gindin gawo, ya miƙe ƙafa cikin sababbin takalma, yana latsa sabuwar waya. Na san da wane kuɗi ya saye su. Na kuma san in na ɗaga wa kawu ƙafa, tsarin ya mutu tun bai yi numfashi ba.

Na ce, “Kawu, ka dai ji sharaɗin.”

Ya dube ni ya ce, “Na ji shi.”

Taubashina ya ajiye wayar. “Kai bawana, wasa kake ko?”

Na ce, “Kai da aka biya ka kwanciya cikin mota, wasa aka yi?”

“Wannan baba ne fa. Shi ya yanka ragon sunanka.”

“Ban ce da kai komai ba.”

Na juya shanuna na dawo.

Da la'asar ina zaure ina gyaran igiya, na ji surutun ƙofar masallaci ya ɗauke. Na leƙa. Kawu ne tafe da dami a kansa. Yana da jikoki da za su iya ɗauka, yana da jaki, amma ya ɗauko da kansa, kuma bai biyo ta bayan gari ba, ta tsakiyar mutane ya biyo. Wuyansa na rawa. Samari suka taso za su karɓe shi, ya ɗaga musu hannu. Ya iso ƙofata ya sauke, ya tsaya yana mayar da numfashi.

Ya ce, “Ga haƙƙinka. Duba ko ɗaurin ya cika.”

Uwargida ta fito da ruwa a kwano, ta durƙusa. Ya ce ya gode, bai sha ba. Ya koma ta hanyar da ya zo.

Babu wanda ya zage ni. Babu wanda ya kai ni wurin mai gari. Ana gaishe ni, ina amsawa. Aiki ne kawai ya daina zuwa. Wanda ya kama ni ranar Alhamis ya aiko tun da yamma cewa ya fasa, bisa sharaɗi, ba komai tsakaninmu. Na Asabar ma haka. Masu amalanken jaki suka cika hanyoyin gona, suna sawu uku a inda nake yin ɗaya, mutane suna jiransu ba ƙorafi. Taubashina ya aro wata buɗaɗɗiyar mota ya kwashe hatsin kawu a yammaci guda, ya haɗa da na maƙwabta kyauta, yara na bin sa da gudu suna ihu.

Na ci gaba da tsarina. Salla, ruwa, dusa, taya, karkiya. In tsaya a ƙofar gida har hantsi, in kwance su. Uwargida ta ce in je gindin bedi in ce na janye. Ban je ba. Har yanzu da nake rubuta wannan ban ga inda lissafina ya karkace ba. Ranar mutum tana da daraja ko yana tuƙa jirgi ko yana kora shanu. Abin da na gani kawai shi ne wani an rubuta masa tasa tun kafin ya baro gida, ni kuwa da na nemi tawa sai ta fito daga kan tsoho.

Kaka ta wuce ban tara abin da zan sayi harawa da dusar rani ba. Ba na iya kallon dabba tana ramewa a hannuna. Na ba wani Bafulatani da muka saba da shi riƙon farin bijimin, na ja jan zuwa kasuwar Gazawa. Dillali ya yaba shi, masu saye suka kushe shi, aka daidaita kafin azahar. Na kwance igiyata daga wuyansa, na naɗe ta a hannu, na fito bakin kwalta.

Ina tsaye sai mota ta tsaya a gabana. Taubashina ne, shi kaɗai a ciki. Ya dubi igiyar, bai yi dariya ba.

Ya ce, “Hau in kai ka gida. Wasu ma'aikata zan kai Gidan Rumji, na zo ɗaukarsu suka ce sun fasa.”

Na ce, “An biya ka?”

Ya sosa ƙeya. “Rabi.”

Na ce ya wuce, ina da wanda zan gani a kasuwa. Na jira har motar ta ɓace, sannan na kama hanya da ƙafa.