Kalandar Bara

Har yau idan na ji ƙamshin ɗanyen ganyen shayi da ruwan sama ya jiƙa, safiyar nan ta Puncak nake tunawa. Shekarata ta biyu ke nan a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Aziziyya, ɓangaren mata, kuma karo na farko da mudirinmu, Ustaz Bashir, ya ce in raka matafiya. Iyalai uku na kai Indonesiya, muka sauka a tuddan Puncak. Ni da aka haifa a Jidda, ban taɓa ganin tudu ya yi kore har samansa ba. Gajimare yana saukowa ya ratsa gonakin shayi, ya shigo mana baranda, ya jiƙa min mayafi.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara aiki ba: mai iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, ba ya fita ƙasar nan sai da bizar fita da dawowa, kuma ranar ƙarewarta da watan Musulunci ake rubuta ta. Tikitin jirgi kuwa da watan Bature yake. Aikinmu ne mu daidaita biyun. Wanda bizarsa ta mutu yana waje, ƙofa ta rufe masa, sai abin da kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, ya iya yi.

Cikin ayarin akwai Hajiya Tabawa, mutuniyar Damagaram mai sayar da turaren wuta a unguwar Kurayyat. Shekara talatin tana Jidda, 'ya'ya da jikoki duk a nan. Ba ta karatu, amma lissafin wata ba ya kuɓuce mata.

Muna shan shayi ta ce, "Ya binti, yaushe ne komawarmu? Kafilina ya ce kar in bari Rajab ya fita ina waje."

Na ce, "Kwantar da hankalinki, Khala. Saura kwana tara mu tafi, Rajab kuwa da sauran sati biyu."

Ta ajiye kofin. "Wane sati biyu? Ni da na yi azumin tsakiyar wata a ɗakina kafin mu taso? Yau ashirin da shida, 'yar nan. Ke dai tun da muka zo sama kike kallo, amma ba ki ga wata ya rame ba."

Na yi dariya, na sauka ƙaramin masallacin da ke gefen masaukinmu don in kawo mata shaida. A bangon akwai kalanda mai lissafi biyu. Ashirin da shida ga Rajab. Nan take na tuna ƙaramar kalandar da na zaro daga aljihun teburina ranar da nake yanka tikiti. Ta bara ce. Watan Musulunci yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, abin da ko ɗan firamare a Jidda ya sani. Sauran sun karɓi biza mai tsawo, ita kaɗai abin ya shafa.

Na kira Ustaz Bashir daga wayar masauki, na gaya masa abin da na yi. Ya ce, "Khalas, kuka ba ya sa jirgi ya tashi. Ki kai ta Jakarta yanzu. Yalla."

Hanyar ta cika da motoci, muna gangarowa a hankali. Mata masu manyan huluna suna tsinkar shayi a gangaren tudu, ni ko ɗaga ido ba na iya yi. Hajiya ta sa direba ya tsaya ta sayi gasasshiyar masara, ta miƙo min.

"Ci. In ma an hana ni shiga, sai in kafa kasko a nan. Kin ga mutanen nan, ba su da turaren kirki."

A ofishin jirgi aka ce ba wuri, lokacin Umara ne, kowa Jidda ya nufa. Na rubuta sunanta a jerin masu jira, muka kwana biyu a Jakarta. Ranar ashirin da takwas wani ya fasa tafiya. Kujera ɗaya tak. Na raka ta har inda aka ce in tsaya, ta shige da ledar ganyen shayinta ba ta ko waiwayo ba.

Washegari da hantsi, bayan na koma Puncak, 'yarta ta bugo waya: "Inna ta iso, tana gida, har ta fara faɗa wai an bar mata tsakar gida ba shara." Na zauna a matakalar masauki, na yi ta kallon hazo yana tashi daga kwari. Sai a ranar na ji yunwa.

Shi ya sa kuke ganin ina yaga tsohuwar kalanda ranar ɗaya ga Muharram, ina kuma tambayar kowace tsohuwa nawa ga wata kafin in duba takarda.

Da na dawo na shiga ofishin Ustaz da takardar ajiye aiki a jakata. Bai ce komai ba sai, "Alhamdu lillahi ala salama, je ki teburinki." Na ɗauka haƙurinsa ne. Sai bayan shekara bakwai, a zaman makokin Hajiya Tabawa, 'yarta ta gaya min cewa daga filin jirgi ba gida Hajiya ta wuce ba. Ofishinmu ta fara zuwa da akwatinta, ta ce wa Ustaz in ya taɓa ni, babu matar Kurayyat da za ta sake yankar tikiti a wurinsa.